Kwamfutoci Shida Masu Riga

A jakar hannun Hajiya Safiyatu Yamusa ba za ka sami hoda ko madubi ba. Abin da ke ciki sukudireba biyu ne, da filaya, da tsohon buroshin goge baki, sai carbi. Matan ofishinsu sun daɗe da daina yi mata dariya a kan haka, don babu wadda ba ta taɓa zuwa nemanta a guje ba ranar da kwamfutarta ta ƙi tashi. Shekararta goma ke nan a sashen kwamfuta na wata hukumar gwamnatin tarayya a Abuja. Ita ke lura da wayoyin da suka haɗa ofisoshi, ita ke hawa tsani ta leƙa silin, da zanenta da mayafinta. Ba ta da yawan fara'a, kuma ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Aikinta dai ta san shi.

A Suleja aka haife ta. Mahaifinta, Malam Yamusa, gyaran rediyo yake yi a wani ɗan shago a bakin kasuwa, kuma tun tana firamare can take yada zango in an taso daga makaranta. Ta riga sanin warin dalma kafin ta san yadda ake kaɗa miya. Malam Yamusa ba mai surutu ba ne. In aka kawo rediyo, kafin ya kwance ko kusa ɗaya, sai ya kunna ta, ya ɗora tafin hannu a bayanta ya yi shiru. Yakan ce wa 'yarsa, "Fara jin jikinta tukuna. In ta yi zafi, duba ta inda take shan iska."

Da ta gama sakandare ta ce ita lantarki take so ta karanta. Mahaifiyarta ta dube ta sama da ƙasa ta ce aikin mace uku ne, koyarwa, jinya, ko tafireta, ta zaɓi ɗaya. Ranar da za ta tafi Kaduna koyon tafireta Malam Yamusa ya saka mata ƙaramar sukudireba mai jan mariƙi a cikin akwati, ƙarƙashin kaya. Iyakar goyon bayan da ya iya ba ta ke nan.

Ta sami aiki a Abuja a 1995, a ɗakin tafireta na hukumar. Su shida ne, duk mata, har da shugabarsu Madam Christina, wata doguwar mata 'yar Filato wadda ta fara aiki tun hukumar tana Legas. Hausar Madam Christina ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta, kuma faɗanta har a bene na sama ana ji. Amma ita ta samar wa Safiyatu ɗaki a Nyanya lokacin da ba ta san kowa a garin ba. Da Safiyatu ta auri Malam Badaru, malamin firamare, suka koma Jikwoyi, Madam Christina ce ta zo da tukwane. Da ta haifi Kauthar ba mai reno, Madam ce ta shimfiɗa zane a bayan kabad ta ce a kwantar da jaririyar nan, duk wanda ke da magana ya zo ya same ta. In cunkoson Nyanya ya riƙe Safiyatu har ƙarfe tara, Madam takan karɓi takardunta ta fara bugawa, in ta iso kuma ta wanke ta tas. Safiyatu Mama take kiranta.

Shekara takwas tana buga wasiƙun da ba ta damu da su ba. Tana da sauri, ba ta kuskure, kuma ba ta taɓa jin daɗin aikin ko na yini ɗaya ba.

A 2003 abubuwa sun buɗe. Farar hula na mulki, wayar hannu ta shigo, ko'ina ka duba a Abuja gini ake. Wata safiya aka kwashe tafiretocin aka kai sito, aka jera kwamfutoci shida sababbi fil. Kowace da allonta a kan tebur, da akwatinta a ƙarƙashi. An rubuta wa kowane akwati lambar gwamnati da farin fenti, an kuma manna wata 'yar takarda a kan murfinsa. Darakta, Alhaji Maitama, da kansa ya sauko ya yi bayani. Ya ce takardar nan hatimi ce, ba mai buɗe akwati sai injiniyan kamfanin da ya kawo kayan, wanda zai riƙa zuwa daga Legas sau ɗaya a wata. Wanda ya karya hatimi ya kuka da kansa.

To, Madam Christina tana da wata ƙa'ida tun zamanin tafireta: inji ba ya zama tsirara a ɗakinta. Kowace tafireta tana da riga, a cire da safe, a mayar in an tashi. Da ta ga sababbin kaya masu tsada a ƙasa, kusa da ƙafafun mutane, sai hankalinta ya tashi. Ta auna akwatunan da igiya, ta tafi gida. Ranar Litinin ta zo da riguna shida da ta ɗinka da ragowar atamfar ankon matan cocinsu, shuɗiya mai zanen tantabaru, har da shafi a ciki da tattara a baki. Sun zauna cif. Ƙofa biyu kawai ta bari, ta maɓallin kunnawa da ta wayoyi. Rigar tafireta dole a cire kafin a yi bugu, amma akwatin da ke ƙarƙashin tebur ba wanda ke taɓa shi, don haka rigarsa ta zauna dare da rana. Alhaji Maitama ya yaba ƙwarai. Har baƙi yake kawowa su ga yadda ake kula da dukiyar gwamnati.

Bayan 'yan watanni kwamfutocin suka fara wani hali. Da safe lafiya lau. Da an yi azahar sai su fara nauyi, can sai allo ya ɗauke, aikin da aka yini ana yi ya tafi. Wasiƙu suka riƙa makara, ana aiko masinja daga sama yana tsayawa a kansu.

Injiniyan kamfanin, wani saurayi mai suna Abraham, yakan zo da safe. Duk ranar da zai zo, Madam Christina takan riga kowa isowa ta tuɓe rigunan, ta ninke, ta kulle a kabad, don kada ya ɓata mata su da baƙin hannu. Sai Abraham ya tarar da injuna a sanyaye, ya kunna, ya ga suna gudu, ya rubuta rahoto ya tafi. Sau uku yana rubuta magana ɗaya: kaya ba su da laifi, masu amfani da su ne ba su iya ba.

A daidai lokacin ake ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kuma kowa ya san da 'yan tafireta za a fara. Alhaji Maitama ya sauko da rahoton a hannu ya ce, "Madam, ni ba na son in cuci kowa. Amma an ce in ba da sunaye kafin ƙarshen shekara, kuma ga abin da injiniya ya rubuta."

Safiyatu tana da ɗabi'ar cire takalmi in ta zauna aiki. Wata rana da azahar ƙafarta ta taɓa akwatin, ta janye da sauri. Ta sunkuya ta zura hannu ƙarƙashin atamfar, ta ɗora tafi a jikin ƙarfen, ta yi shiru kamar yadda tsohonta yake yi. Zafi kamar murfin tukunya. Ta laluba baya ta ji wasu ƙananan ramuka, shafin rigar ya lafe a kansu. Ta kara kunne. Akwai wani abu a ciki da ke ƙoƙarin juyawa yana gurnani.

Kwana uku tana fama da zuciyarta. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, sauran matan suka fita sayen abinci, ta ciro sukudireba mai jan mariƙi. Ta dubi hatimin, ta san abin da ke bayansa, ta yaga. A ciki ta tarar da 'yar fanka ta cushe da zaren atamfa da ƙura, ta yi dam kamar audugar matashi. Ta share ta da buroshin goge baki, ta hure, ta mayar da murfi. Ba ta tsaya nan ba. Ta ƙara minti goma tana kallon cikin akwatin, tana bin wayoyi da ido, tana ganin wanne ya tafi ina. Rabonta da jin irin wannan daɗin tun shagon Suleja.

Rigar kuwa ta cusa ta a jaka. Da Madam ta tambaya, ta ce shayi ya zube a kai, ta kai gida wanki.

Nan ne Safiyatu ta yi wauta. Ta san ciwon, ta san maganin, amma ta kasa buɗe baki. A ganinta, in ta ce riguna ne, ta tona asirin matar da ta riƙe ta kamar 'ya, a gaban darakta, a shekarar da ake neman sunaye. Sai ta yi gum. Mako uku kwamfutarta na aiki har yamma, biyar na mutuwa, ita kuma tana karɓar aikin sauran tana bugawa, tana cewa sa'a ce.

Da Abraham ya dawo, abin da ya fara gani shi ne yagaggen hatimi. Kafin azahar takardar tuhuma ta sauko daga sama, wadda ma'aikata ke kira kwiri: Safiyatu Yamusa ta yi bayani kafin gobe, me ya sa ba za a hukunta ta ba. Kowa a ɗakin ya san ma'anar kwiri a irin wannan shekara. Sunan farko ya samu.

Ta rubuta amsa layi uku. Ta ce ita ta buɗe, ba wanda ya sa ta, tana neman afuwa. A ƙa'ida amsar sai ta bi ta hannun shugabar ɗaki. Washegari da safe Madam Christina ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa, ta kori sauran matan waje ta rufe ƙofa.

"Safiya, wannan amsa ne ko takardar sallama? Me ka je nema a ciki?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai? Kai da ko biro na gwamnati ba ka taɓa kai gida ba? Kuma ina rigana? Mako uku ana wanki, a kogin Binuwai ake wanke shi?"

Safiyatu ta sunkuyar da kai.

"Dube ni. Naka yana aiki, namu yana mutuwa. Naka ba riga." Madam ta miƙe. Ta juya ta dubi akwatunan nan biyar a jere cikin shuɗiyar atamfa. Ta je ta durƙusa da ƙyar, ta zura hannu ƙarƙashin ɗaya, ta daɗe a haka.

"Rigunan ne, Mama," in ji Safiyatu a hankali. "Sun toshe musu iska. Zafi ke kashe su."

"Tun yaushe ka sani?"

"Mako uku."

"Mako uku! Yesu! Mako uku ka bar ni ina dafa kayan gwamnati kamar dankali, kana kallona, kana ce mini ina kwana Mama?"

"Na ji kunyarki ne. Kada a ce ke ce."

"To wa ne ne? Kakana? Kunya zai biya wa Kauthar makaranta? Ni saura shekara biyu in tafi gida in yi noma. Kai fa? Tashi, sa takalmi, mara wayo."

Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana fizge rigunan, ta rungumo su, ta tasa Safiyatu a gaba har bene na uku. Ba ta jira an yi mata iso ba. Alhaji Maitama na zaune da Abraham, ta zube atamfar a kan teburinsa, a kan fayiloli.

"Oga, ga ɓarawon. Ni na ɗinka shi. In kwiri ne, a rubuta da sunana."

Alhaji Maitama ya ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu. "Madam, riga ce za ta kashe inji?"

"Wace riga?" in ji Abraham.

Alhaji Maitama ya ce, "Wadda suke sawa kullum mana. Ba ka taɓa gani ba?"

"Ina zai gani," in ji Madam, "ina cirewa kafin ya zo. Dubi hannunsa."

Abraham ya karɓi rigar, ya juya ta, ya ga shafin, ya nemi ramin iska bai samu ba. Ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa, har ya dafa bango. Da ya nutsu ya tambayi Safiyatu abin da ta gani a ciki da abin da ta taɓa. Ta faɗa masa dalla-dalla. Ya ce, "Oga, abin da zan yi ke nan da na gani. Rahotona ne ba daidai ba." Yaron yana da gaskiya, ba kowa ne zai faɗi haka a gaban wanda ya ba kamfaninsu kwangila ba.

Alhaji Maitama mutum ne mai bin takarda. Ya ce doka doka ce, an karya hatimi, don haka takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗin Safiyatu, amma maganar suna ta mutu. Sannan ya gyara zama ya dube ta.

"Sakatariyata za ta bi mijinta Fatakwal. Wadda za ta iya riƙe magana mako uku a cikinta, har ta yarda a kore ta, irinta nake nema. Ki fara ranar Litinin."

Kujerar nan ba macen da ba ta so a hukumar. Ofis mai kafet da na'urar sanyi, kowa ya zo sai ya gaishe ki. Madam Christina ta fara godiya tun kafin ya rufe baki.

Safiyatu ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Amma na ji an ce za a buɗe sashen kwamfuta, za a tura mutane kwas. Can nake so."

Madam ta taka mata ƙafa. "Oga, kada ka ji shi, bai karya ba yau."

"Can ɗin ɗaki ne a ƙasa, ko taga babu," in ji Alhaji Maitama. "Jan waya ne da hawa tsani. Maza ma gudu suke."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Me ya sa?"

"Shekara takwas ina bugu, ban taɓa ɗokin zuwa aiki ba sai makon nan uku."

Ya ce zai sa sunanta, amma in ta faɗi jarrabawar kwas ɗin, kada ta dawo masa da kuka, don kujerar sakatariya ba za ta jira ta ba. A matakala Madam ta zage ta tun daga bene na uku har ƙasa. Da suka iso ƙofar ɗakinsu ta ce, "Kwas ɗin nan har Asabar ake yi, ko? Ka kawo mini Kauthar."

Wata shida aka yi ana kwas ɗin. Su goma sha huɗu, ita kaɗai ce mace, kuma ta girmi malamin. Malam Badaru ya koyi dafa shinkafa, ba don yana so ba. Ta zo ta uku, aka tura ta sabon sashen. Abraham, duk zuwan da zai yi, sai ya sauka ɗakin ƙasa ya nuna mata wani abu, har ranar da ta nuna masa wani abin da bai sani ba.

Ba kowa ne ya tsira ba. Bayan shekara uku aka rufe ɗakin tafireta gaba ɗaya. Madam Christina ta riga ta yi ritaya da mutuncinta. Cikin sauran huɗun, biyu da suka yarda Safiyatu ta koya musu aikin kwamfuta sosai a lokacin hutun rana an mayar da su wasu sassa, biyu kuma an sallame su. Malam Yamusa ya rasu kafin ya ga ɗakin da 'yarsa ke aiki, amma ya ji labari, ya kuma tambaya ko sukudirebar tana nan. Takardar gargaɗin ma tana nan a fayil har yau. Safiyatu ta ce ko an ba ta dama ba za ta cire ba, don duk takardun da ke ciki ita ce ta fi yi mata amfani.

Bara Kauthar ta gama sakandare ta ce ita aikin gona za ta karanta, kiwon kifi take so. Safiyatu ta riga ta gama shirya mata karatun kwamfuta a ranta. Ta buɗe baki, sai ta ji muryar mahaifiyarta na shirin fitowa daga ciki. Ta rufe. Da aka kwana biyu ta ce Allah ya sa albarka, ta raka ta sayen fom.

Madam Christina ba ta koma Filato noman ba, tana Nyanya wurin ɗanta. Duk Kirsimeti Safiyatu takan kai mata shinkafa da kaji biyu, ta zauna a sha faɗa. Zuwan da ta yi na ƙarshe, Madam na ta ƙorafin akwatin tashoshin talabijin da ɗanta ya saya mata, wai da rana ta yi sai ya ɗauke. Safiyatu ta duba ƙarƙashin talabijin ɗin. Ga akwatin nan cikin shuɗiyar atamfa mai tantabaru, an rage mata tsawo, an sake tattara.

Ta tashi ta tuɓe rigar, ta ninke, ta ɗora wa Madam a cinya.

"Mama, rigar ce."

Madam ta dubi rigar, ta dubi Safiyatu. "To, ka yi hankali yanzu," in ji ta. "Wannan karon ko minti uku ba ka yi ba."